MAI AIKIN KYAUTA, INA LADANSA?

Ran nan da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, muna zaune gindin darbejiya muna ɗinkin wani tsohon tanti da ɓera ya huda, sai wani yaro cikin sababbin shiga sikawut ya zo ya tsuguna kusa da mu. Ya yi shiru yana kallon yadda basilla ke shiga tana fita. Can sai ya ce, "Malam, in yi tambaya?" Muka ce masa ya yi. Ya ce, "Wai nawa a ke ƙara muku a wata saboda wannan aiki?" Muka ce masa ko anini. Ya dube mu, ya dubi tantin, ya ce, "To, Malam, me ku ke samu?"

Sauran yaran da ke wurin suka fashe da dariya, har babbansu ya daka masa tsawa, wai ba a yi wa malami irin wannan tambaya. Amma mu ba mu ga wauta cikin maganarsa ba. Mutanen da sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga magidanci mai iyali ya bar hutunsa, ya bar gonarsa, ya sa gajeren wando yana bin 'ya'yan wasu cikin rana, lalle akwai abin da ya ke samu, ko da shi kansa bai san sunan abin ba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wane irin lada ne ya halatta gare shi, wane ne kuma bai halatta ba? Ita mu ke so mu tattauna da ku yau, domin ku ne a ke wa aikin, in kuwa an ci lada marar kyau daga jikinku a ke cinsa.

Ku 'yan makaranta, na mishan da na gwamnati, yawancinku kun san malamin sikawut a fili kaɗai, da ƙyallensa a wuya da usur a baki. Abin da ba ku gani ya fi wannan yawa. Shi ne mai rubuta wa iyaye takarda in za a fita zango, shi ne kuma mai bi gida gida yana lallashin uban da ya rantse ɗansa ba zai kwana a daji ba. Shi ke aron tukunya, shi ke cinikin mota, shi ke riƙe da littafin kuɗin mako, wanda kullum abin da ke cikinsa ba ya kai abin da a ke bukata. In akwai yaron da gidansu ba su da halin ɗinka masa riga, shi zai nemo masa kwance a ɓoye, don kada 'yan'uwansa su sani. In dare ya raba a zango, kunama ta harbi wani, ko zazzaɓi ya kama wani, ba wanda za a tasa sai shi. Ya dawo gida a gajiye, uwargida ta tare shi da tambayar ina babbar tukunyarta, ya tuna an baro ta a makaranta da baƙin hayaƙi har wuya. Abokansa kuwa, waɗanda suka fita kwaleji tare, a wannan lokaci suna koyarwa ta bayan fage ana biyansu, ko suna kwance suna hutawa.

Aikin da ba a biya da kuɗi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Muna da gayya tun kaka da kakanni. Amma ku lura, mai gayya ya kan ciyar da 'yan gayya, kuma kowa ya san ranar da tasa gonar ta bukaci hannu za a rama masa. Sarkin samari ma ba a ba shi albashi, amma yana da kiɗa, yana da kirari, in an taru shi ne gaba. Watau kakanninmu sun sa ladan irin wannan aiki a sarari inda kowa ke gani. Na malamin sikawut ne a ɓoye, abin da ke ɓoye kuwa shi ya fi bukatar bincike.

Bari mu koma asali kaɗan, gama a nan za a ga matsayin da aka ba babba tun farko. A watan Agusta 1907 wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, wanda ya yi suna saboda ya riƙe garin Mafikin na Afirka ta Kudu kwana 217 abokan gaba suna kewaye da shi, ya tara yara wajen 20 a wani tsibiri da a ke kira Biraunsi, ya yi zango da su kamar mako guda. Waɗansu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantu, waɗansu 'ya'yan ma'aikata. Ya raba su rukuni 4, ya ba kowane rukuni sunan dabba ko tsuntsu, kamar su Bijimai da Hankaki, kuma ya sa yaro ɗaya cikinsu ya shugabanci kowane rukuni. A 1908 ya fitar da littafinsa kashi kashi, kashi 6, bayan kowane mako biyu, ana sayar da kowane kashi kwabo 4. Abin da ya faru bayan haka shi ne abin lura. Yara suka saya, suka karanta, suka haɗa kansu rukuni rukuni a unguwanninsu ba wanda ya umarce su, sa'an nan suka shiga neman wani babba wanda zai yarda ya tsaya musu. Yaran ne suka riga, babba daga baya aka gayyato shi. Ba a daɗe ba abin ya ƙetare teku, har ya iso Nijeriya a 1915, yau kuma masu wannan ƙyalle a duniya sun wuce miliyan 50.

Da manya suka yi yawa cikin aikin sai aka ga su ma suna bukatar horo. A 1919 aka buɗe wurin horonsu a Gilwel, kusa da Landan. Wanda ya gama kuwa me a ke ba shi? 'Yan guntayen icce biyu a jikin tsinken fata, ya rataya a wuya. Na farkon an ciro su ne daga wata doguwar sarƙar icce da Baden-Powell ya kwaso daga ƙasar Zulu a 1888, sa'ad da Turawa suka kai wa sarkinsu Dinuzulu yaƙi. Ba mu ɓoye muku wannan ba, mutumin sojan mulkin mallaka ne, har yana cikin waɗanda suka shiga ƙasar Asante a 1895 zuwa 1896, kuma hannun sojan mallaka ba ya rasa abin da za a tambaye shi. Amma wannan wata magana ce ta wata rana. Abin da mu ke nunawa a nan shi ne, duk ladan da ƙungiya ta tanada wa babba a fili bai wuce icce biyu da tsinken fata ba.

To, sauran ladan fa? Mun daɗe cikin aikin nan, mun ga irin kuɗin da mutum kan biya kansa da su in ba a ba shi na hannu ba. Akwai wanda ladansa iko ne. A ofis ko a gida ba mai jin maganarsa, amma in ya zo fili ya busa usur yara 30 su tsaya cik. Irin wannan ya kan mai da taron mako ya zama fareti tun daga farko har ƙarshe, hagu dama, hagu dama, har yaran su manta sun shigo ne don su koyi ɗaurin igiya da bin sawu da taimakon wanda ya ji rauni. Wannan ba shi da wuyar ganewa, yara ma su kan gane shi, su zame ɗaya ɗaya.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mutumin kirki, mai ƙwazo, wanda ladansa shi ne a bukace shi. Ba ya zagi, ba ya duka. Shi dai kome shi zai yi. Shi zai kafa tanti, shi zai hura wuta, shi zai raba abinci, shi zai sasanta kowace 'yar gardama. Iyaye suna yabonsa, shugaban makaranta yana yabonsa, yara suna ƙaunarsa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kuwa sai runduna ta watse kamar an zare tsintsiya daga maɗaurinta, gama ba yaro ɗaya da ya taɓa ɗaukar nauyin kome. Ba mu faɗi wannan don mu nuna wani da yatsa ba. Mu ne mutumin nan, ga kuwa yadda muka gane.

Shekarar da muka fito daga kwalejin horon malamai, kanmu cike da ka'idodin aji, inda malami ke tsaye gaba da alli, yara suna zaune suna karɓa, muka kai yara zango karo na farko a wani fili bayan gari. Aka yi ruwa da azahar. Da yamma kowane rukuni ya shiga girkinsa, gama haka dokar ta ke, kowane rukuni na yara shida zuwa takwas da murhunsa da tukunyarsa da shugabansa. Rukuni biyu suka samu wutarsu ta kama. Na uku, waɗanda suka sa wa kansu suna Damisa, sai hayaƙi. Shugabansu yaro ne mai shekara 14, marar yawan magana, mai hankali. Yana durƙushe yana hurawa, idanunsa suna hawaye, ashana tana ƙarewa, ƙananan suna tsaye a kansa suna gunaguni. Muka duba, muka duba, haƙurinmu ya ƙare. Muka tafi muka ce masa, "Kauce, ba ka iya kome ba." Muka zuba kananzir, wuta ta tashi, muka dafa musu shinkafa da hannunmu. Yaran suka ci suka ƙoshi, suna cewa Malam ya iya girki. Ba za mu yi muku ƙarya ba, maganar ta yi mana daɗi, muka kwanta muna ganin mun yi aikin kirki.

Tun daga wannan dare ba yaro ɗaya cikin Damisa da ya sake jin maganar shugabansa. Kome ya ce, sai su ce, "Bari mu tambayi Malam." Da aka dawo daga hutu ya zo ya same mu, ya miƙo ƙyallensa a ninke, wankakke, ya ce babansa yana bukatarsa a shago da yamma. Muka karɓa muka ce Allah Ya taimaka. Shi ya san ba shago ba ne, mu ma mun sani. Yabon da muka sha a daren nan shi ne ladanmu, kuma wannan yaro ne ya biya shi daga mutuncinsa, gaban waɗanda aka ce ya shugabanta. Har yau in muka hango shi a kasuwa, ya zama magidanci, ya kan gaishe mu da ladabi, mu kuwa ba mu taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba.

Shi Baden-Powell ya so babba ya zama kamar wa ga yaran, mai tafiya tare da su, ya bar ragamar rukuni a hannun shugabanninsu. Faɗar wannan da sauƙi. Yinsa kuwa, sai wanda ya taɓa zama a kan gungume, hannuwansa suna ƙaiƙayi, yana kallon yaro yana ɓata abin da shi zai gyara cikin minti biyu. Bayan shekara biyu irin wannan dare ya sake zagayowa, ruwa, ɗanyen icce, hayaƙi. Wannan karo muka kira shugaban rukunin gefe, inda yaransa ba su ji, muka yi masa tambaya ɗaya tak: bayan an yi ruwa, icce na ƙasa da na sama wanne ya fi bushewa? Ya yi tsaye kaɗan, sai ya ruga. Suka kakkaryo matattun rassan da ke jikin itatuwa, suka faskara masu kauri suka ɗebi cikinsu inda ruwa bai kai ba. Ba su ci abinci ba sai wajen ƙarfe 9, shinkafar sama tana da tsakuwar ɗanyantaka, ta ƙasa ta zama ƙanzo. Suka cinye har ƙanzon, suna gardama kan wa ya fara ganin wutar ta kama. Ba wanda ya ambaci Malam.

Mun san abin da wani zai ce, gama an faɗa mana shi a fuska. Wani uba ya ce mana, "Malam, amana na ba ka. Na ba ka ɗana ka kula da shi, ban ba ka shi don ka zauna kana kallo yana jin yunwa ba." Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa za mu ture ta da cewa wahala tana gyara yaro ba, domin da wannan magana ce mugaye da yawa suka halatta wa kansu zalunci. Wahalar da ba ta koyar da kome ba azaba ce kawai. Abin da muka amsa masa shi ne, kuskure iri iri ne. Akwai wanda yaro zai yi, ya ji ɗacinsa, ya tashi da safe ya fi jiya sani, kamar ƙonannen abinci, da tantin da ya faɗi don ba a ja igiyarsa ba, da bargon da aka manta a gida. Akwai kuma wanda ba a yinsa sau biyu, kamar ruwa mai zurfi, da gatari a hannun wanda bai iya ba, da zazzaɓin da aka ce a bari sai gobe. Na farkon hakkin yaro ne, wanda ya hana shi yinsa ya ƙwace masa wani abu. Na biyun kuwa nan ne babba ke da amfani, don shi aka gayyato shi.

Wuyar ita ce ba a rubuta wa kowane kuskure sunansa a goshi ba. A zangon nan na biyu, da gari ya waye, rana ta yi zafi, shugabannin rukuni suka taru suka yanke shawara za a tafi wanka a rafi. Rafin ya kawo saboda ruwan jiya, ya yi ja, ba a ganin ƙasansa. Muka ce ba mai shiga. Yaron nan na daren jiya, wanda nasarar wuta ta ba shi baki, ya ce, "Malam, ai kun ce mu ke da shawara." Muka ce masa gaskiyarsa, su ke da ita, ban da inda in sun yi kuskure ba za a iya mai da shi ba. Bai gamsu ba, ya yi fushi har azahar. Mai yiwuwa ne da sun shiga ba abin da zai faru. Amma mun gwammace ya yi fushi da mu shekara guda da mu tsaya ƙofar gidan wani muna neman kalmar da za mu fara da ita. Wanda ya janye hannunsa daga aikin yara, idonsa ba shi da izinin janyewa ko na ƙiftawa ɗaya. Wannan kuwa ya fi yin aikin da kanka gajiyarwa, ga shi ba mai yabonka a kai, gama ba wanda ke ganin haɗarin da bai auku ba.

Saura wani lada guda, wanda ya fi duka muni, kuma kunya ta kan hana a ambace shi gaban yara. Mu za mu ambata, domin shirun nan shi ya ba shi wurin zama. Mutumin da ke aikin kyauta a kan ba shi wani abu ba tare da ya roƙa ba, watau a daina tambayarsa. Mutane su kan ce, wanda ya ba da lokacinsa saboda 'ya'yanmu, da wane ido za mu bincike shi? Wannan amincewa dukiya ce babba. Mafi yawan masu aikin sun cancance ta. Amma mugun mutum wanda ke neman hanyar kusantar yara ya san da ita shi ma, ya san kuma ba ƙofar da ta fi ta sauƙin shiga.

Ku ji abin da ya faru a Amurka. Ƙungiyar sikawut ta can, wadda aka kafa a 1910, a da tana cikin mafi girma da arziki a duniya. Shekara da shekaru tana ajiye takardun sirri na manyan da aka zarga da lalata da yara, tana korarsu, amma sau da yawa ba a kai maganar ga hukuma ba, waɗansu kuwa su sake ɓulla a wata runduna. A 2012 kotu ta sa aka fito da dubban shafuffuka na takardun nan kowa ya gani. A watan Fabrairu 2020 ƙungiyar ta je kotu ta ce ƙararrakin da ke kanta sun fi ƙarfin aljihunta. Da aka ce duk wanda aka cuta ya fito, mutum fiye da 82,000 suka shigar da kuka, da yawansu sun tsufa, sun riƙe abin a ciki tun suna yara. Aka ware fiye da dala biliyan 2 don biyan diyya. Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Abin da ya buɗe ƙofar can yana nan wurinmu, har ya fi ƙarfi, watau girmama babba, da kunya, da tsoron ɓata sunan makaranta ko ƙungiya.

Saboda haka ƙungiyoyin sikawut a ƙasashe da yawa suka kafa dokoki a kan manya. Ba a fita da yara sai da babba biyu ko fiye. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda ba mai ganinsu. Babba ba ya kwana tanti ɗaya da yara. Mu ma haka mu ke yi, har mun ƙara da cewa littafin kuɗi a buɗe ya ke, duk uban da ya so ya zo ya duba. Sa'ad da muka kira shugaban rukunin nan gefe, gefen da kowa ke hangenmu ne, kunne kaɗai muka guje wa.

Wani abokin aikinmu, dattijo wanda ya riga mu shiga aikin da shekaru, ya ji zafin dokokin nan ƙwarai. Ya ce, "Ashe bayan duk abin da na yi, yanzu ni ne a ke wa kallon ɓarawo?" Mun tausaya masa, domin mun san shi, mun san ba shi da aibu. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Doka ba ta iya duba zuciya. In aka ce za a ɗauke ta daga kan wanda aka amince da shi, to, an ɗauke ta daga kan kowa ke nan, gama mugun ma amintacce ne har ranar da asirinsa ya tonu. Mutumin kirki shi ya kamata ya fara miƙa wuya, domin in shi ya yarda a sa masa ido, wanda ya ƙi yarda ya bayyana kansa. Kuma dokar tana tsare shi shi ma daga ƙazafi. Dattijon bai ce ya yarda da hujjarmu ba, amma a zangon da ya biyo baya mun ga ya kafa tantinsa nesa da na yara, ya kira ɗayanmu ya raka shi sa'ad da zai duba wani marar lafiya da dare.

Ku kuma yara, ku riƙe wannan. Kun yi alkawarin biyayya, amma biyayyar da kuka ɗauka ba ta kai ga abin kunya ba. Duk babban da ya kira ɗayanku shi kaɗai inda ba kowa, ko ya ba shi kyauta ya ce kada ya gaya wa kowa, ko ya taɓa shi yadda ransa bai so ba, ko malami ne, ko mai icce biyu a wuya ne, ko mu ne, to, yaron ya tashi daga wurin, ya gaya wa iyayensa ko wani babba da ya yarda da shi. In ba a saurare shi ba ya gaya wa wani. Laifin ba nasa ba ne, kuma faɗa ba cin amanar runduna ba ne. Ku shugabannin rukuni, in ƙaraminku ya zo muku da irin wannan magana, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku ce za ku gyara da kanku. Wannan yana cikin ruwa mai zurfi.

To, in an hana mutum iko, an hana shi yabo, an hana shi a bukace shi, an kuma ce sai an sa masa ido, me ya rage masa? Wannan ita ce tambayar yaron nan na gindin darbejiya, kuma ba mu so mu ba shi amsa mai zaƙi wadda ba gaskiya ba. Ba mu ce ku bi mu da godiya ba. Godiyar da aka roƙa bashi ce, mu kuwa ba wanda ya tilasta mana, saboda haka ba mu bin kowa. Akwai daɗin daji da asuba, wanda malamin da ya wuni cikin ƙurar alli ya san darajarsa. Akwai dariya, gama ba inda a ke dariya kamar bakin wutar zango. Akwai kuma wani abu da ba ya zuwa sai bayan shekaru, shi ne ka ga abin da ka sani ya koma hannun wani, yana aiki can ba tare da kai ba. Baden-Powell ya rasu a Kenya a watan Janairu 1941, aka binne shi a garin Niyeri. A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya. Kowane ɗan sikawut ya san alamar, ita ce mai bin sawu kan bari a ƙasa don ya sanar da na baya cewa ya tafi gida.

Zangon da muka yi bara, a daren ƙarshe an yi iska mai ƙarfi, muka kwana muna zagaya tantuna da fitila, ba mu runtsa ba sai gab da asuba. Da muka farka rana ta riga ta fito. Muka yi zumbur, muna cewa yau an makara da kome, ga mota za ta zo da hantsi. Muka leƙo waje. An kwance tantuna biyu an naɗe, an cike ramin shara, an kashe murhu biyu da ruwa, wani yana ƙirga turaku yana faɗa wa wani yana rubutawa. Ba wanda ya tashe mu, ba kuwa wanda ya ga dalilin tashinmu. Can sai ga wani ƙarami ya taho a hankali da kofi a hannu biyu, don kada ya zube. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ga kunu. Shugabanmu ya ce a ba ku haƙuri, sukari ya ƙare, tsamiyar kuma ta ɗan yi yawa." Muka karɓa muka kurɓa. Lalle ta yi yawa. Muka shanye, muka miƙa masa kofin, ya ruga ya wanke, gama shi kaɗai ya rage ba a sa cikin buhu ba.